Bayan An Kwance Bandeji

Cire yana daga ido ba ya cin lokaci. Likitan da hannunsa ya faɗa yakan gama cikin minti 15, wani lokacin ma ɗan rakiya bai gama shimfiɗa tabarmarsa a baranda ba za a fito masa da tsohonsa. Abin da ke cin lokaci shi ne makonnin da ke biye, kuma a cikinsu ne ido ke tabbata ko ya tafi. Ni nas ce ta sashen ido, yanzu na yi ritaya, kuma mafi yawan shekarun aikina na yi su ne a ɗakin da ake kwance bandeji da safe. Shi ya sa idan ina karanta tarihin wannan sana'a, tambayar da nake bi da ita daga ƙarni zuwa ƙarni guda ce: da idon ya kumbura a kwana na uku, wa ke kusa da majiyyaci, kuma me yake da shi a hannu?

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Yana zaune cikin 'yar jaka mai laushi, siraran zaruruwa na riƙe da shi ta kowane gefe, kuma shi ke tattara haske ya aika can bayan ido. Tsufa ko ciwon suga ko duka sukan sa ya yi hazo, har ya koma fari fat. Wannan ita ce yana. A cikin ido take, shi ya sa babu kwalli ko tozali ko maganin ɗigawa da zai kankare ta. Dole sai an kawar da madubin daga hanyar haske, kuma hanyar da ɗan Adam ya fara sani ita ce ya ture shi baya, ya faɗa cikin ruwa mai yauƙi da ke cike da ƙwayar ido.

Masu wannan turi suna nan a ƙasar Hausa har gobe. Sukan biyo kaka, lokacin da rumbu ya cika kuma akwai 'yan kuɗi a hannu. Mutum zai sauka a wani gida kusa da kasuwa, labari ya bazu cewa mai maganin ido ya zo. Za a zaunar da tsoho, wani ƙaƙƙarfa ya riƙe masa kai, sai mai aikin ya soka allura ko doguwar ƙaya ta farin ido, dab da baƙin, ya danna madubin har zaruruwan su tsinke. Nan take haske ya shiga. Wanda ya shekara uku ana ja masa sanda sai ya ga hannu a gabansa, ya ƙirga yatsu, mata su rangaɗa guɗa. A nan ake biya, da akuya ko buhun gero ko kuɗi.

Ban taɓa ganin laifin tsohon da ya miƙa idonsa ba. Mai turi ya zo masa har ƙofar gida, da harshensa yake masa magana, babu kuɗin mota, babu yankar kati, babu layi, kuma sai ya gani zai biya. Babu asibitin da ya taɓa yi wa talakan ƙauye tayi mai sauƙi haka. Sai dai kafin kasuwa ta zagayo mai allura ya yi gaba, mu kuma sai mu gansu bayan mako biyu ko wata uku, an riƙo su, sun ɗaure kai da rawani saboda zugi. Idan na ɗaga fatar idon na ga baƙin yana rawa don babu madubi a bayansa, sai in ce, "Baba, wa ya taɓa maka idon nan?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "'Yata, babu wanda ya taɓa, haka Allah ya kawo." Sai an yi hira, an tambayi gida da damina, sannan ɗansa zai sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya.

Abin da ke faruwa a irin wannan ido sananne ne. Madubin da aka ture bai je ko'ina ba, yana ciki. Idan jakarsa ta fashe, abin da ke cikinta yakan tayar da kumburi mai tsanani. Yakan toshe hanyar da ruwan ido ke fita, ƙarfin ido ya hau har ya kashe jijiyar gani. Allurar kan iya yaga tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, ya ɓanɓaro. Ƙwayoyin cuta kuma sun riga sun bi ƙarfen sun shiga. Mukan ɗiga atirofin don baƙin ido ya huta, mu ba da maganin kumburi, mu sauke ƙarfin ido da timolol da ƙwayar Diamox. Wani idon yakan lafa, a ba mai shi tabarau mai kauri ya ci gaba da harkarsa. Wani kuwa babu abin yi sai a kwashe cikinsa don mutum ya samu barci. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa a cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 turawa aka yi, ba tiyata ba, kuma kusan 3 cikin 4 na waɗanda aka ture ɗin makafi ne. A arewa abin ya fi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, magabatan wannan sana'a ba haka suka bar ta ba. Selsus, marubucin Rum na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana turin yana dalla-dalla, amma bai tsaya a kan allura ba. Ya ce a ɗora ulu mai laushi da aka jiƙa da farin ƙwai, a ɗaure, majiyyaci ya huta, a hana shi abinci, idan za a fara ba shi kuma a fara da mai ruwa-ruwa don kada muƙamuƙi ya motsa. Likitocin ido na daular Musulunci sun ƙara a kan haka. Ali bin Isa na Bagadaza, mai littafin Tazkiratul Kahhalin, wanda ya rayu wajen shekara ta 1000, ya yi umarni a ɗaure idanun duka biyu, a kwantar da mutum rigingine a ɗaki mai duhu, a tsare shi daga tari da atishawa na kwanaki. A zamaninsa ne kuma Ammar bin Ali, mutumin Mosul da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki don ya zuƙo yana mai laushi ya fitar da ita waje gaba ɗaya. Waɗannan mutane ba su san ƙwayoyin cuta ba, farin ƙwai kuma ba ya kashe su. Amma wanda ya rubuta abin da za a yi a kwana na biyu da na bakwai, ai yana nufin zai kasance a garin ranar. Allurarsu tana nan a kasuwanninmu. Kashi na biyu, wato jinyar bayan aiki, shi ne ban taɓa gani a hannun masu yawo da ita ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka sha wannan. A ƙarni na 18 Turai cike take da masu yawon turin yana, kuma wanda ya fi su suna shi ne wani Bature ɗan Ingila, John Taylor, mai yawo a keken doki da aka zane da hotunan idanu. Yakan shiga gari da shela, ya yi aiki a gaban jama'a, ya ɗaure ido ya ce kada a kwance sai bayan kwanaki, kafin nan ya karɓi kuɗinsa ya yi layar zana. A 1750 ya isa Laifzig ta Jamus, ya yi wa Johann Sebastian Bach, babban mai tsara kiɗa, aiki sau biyu a tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilu. Bach ya makance gaba ɗaya, bai ƙara lafiya ba, ya rasu ranar 28 ga Yuli na shekarar.

A daidai wannan zamani ne wani likita ɗan Faransa, Jacques Daviel, ya canza sana'ar, kuma matsala ce ta kai shi. Shi ma mai turi ne. A 1745, a Marsai, yana yi wa wani mai zaman kaɗaici na ibada aiki sai madubin ya farfashe, gutsattsarin suka zo gaban ido, jini ya cika wurin. Daviel bai ɗaure ya gudu ba. Ya tsaga tantanin gaban ido ya kwashe su, mutumin ya gani, amma bayan kwana biyu idon ya yi mugunya ya mutu. Daga wannan asara ya fahimci cewa ana iya buɗe ido a fito da madubin. Ya yi ta gwaji, har a 1752 ya tsaya gaban majalisar likitocin fiɗa ta Faris ya ce ya yi aiki 206 ta sabuwar hanya, 182 sun yi kyau. Ku lura da wannan ƙidaya. Ba ya yiwuwa mutum ya san 24 sun lalace sai idan ya koma ya duba su. A ganina wannan komawar ta fi wuƙarsa muhimmanci, domin daga ranar ne aka fara auna likitan ido da abin da ya rage bayan an kwance bandeji.

Fito da madubi ya kawar da wasu matsaloli, ya kawo wasu. Tsagar Daviel ta kai rabin da'irar baƙin ido, kuma babu ɗinki. Atishawa ɗaya tana iya buɗe ta, cikin ido ya zubo. Mugunya kuwa ta ci gaba da cin idanu masu yawa har tsakiyar ƙarni na 19. Albrecht von Graefe na Balin ya ƙera siririyar wuƙa wajen 1865, ya mai da tsagar sama, inda fatar ido za ta rufe ta, sai ruɓewa ta ragu. Amma sabuwar tsagar ta matsa kusa da sassan ido masu saurin fushi, aka riƙa ganin wata musiba da William Mackenzie na Gilasgo ya riga ya bayyana a 1840: ido ɗaya ya ji rauni, bayan makonni ko watanni lafiyayyen ɗan'uwansa ya kama kumburi, su tafi tare. Shekara ɗari maganin da aka sani shi ne a cire mai raunin da wuri don a tsirar da ɗayan. Sai da maganin kotizon ya shigo hannun likitocin ido wajen 1950 aka samu abin kashe wannan wuta ba tare da wuƙa ba. A tsakani, Carl Koller ya gano a Biyana a 1884 cewa ɗigon hodar ibilis yana kashe zafin ido, majiyyaci ya daina fizge-fizge a ƙarƙashin wuƙa. Koyarwar likita Lister ta tsabtace hannu da kayan aiki ta iso, ɗinki ya biyo baya a hankali. Duk da haka har cikin ƙarni na 20 ana kwantar da wanda aka yi wa aikin yana kwanaki, an tokare masa kai da jakunkunan yashi hagu da dama, nas tana ba shi abinci a baki.

Wannan tiyata ce ta iso mana. A 1943 mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, asibitin da yanzu ke hannun ECWA, kuma shekaru da dama mutane daga Sakkwato da Borno da Damagaram da Maraɗi can suke dosa. Dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ta fito a 1979. Lokacin da na fara aiki, madubin ake cirewa ɗungurungum da jakarsa, a yi ɗinki, mutum ya kwana kusan mako a gado. Kowace safiya mu bi gado-gado da tocila da auduga, mu goge kwantsa, mu duba ko baƙin ido ya leƙo ta bakin ɗinki, ko jini ya taru, ko gaban ido ya lotsa. Ranar sallama a ba shi tabarau mai lamba 10, irin mai kaurin nan da ke sa idon tsoho ya yi ƙato.

Wannan tabarau shi kansa matsala ce ta bayan aiki, ko da yake ba a lissafa shi a littafi da wannan suna. Yana ƙara girman komai da kusan kashi ɗaya cikin uku, bakin ƙofa ya lanƙwashe, tsohuwa ta miƙa hannu ga moɗa ta kama iska. Wanda aka yi wa ido ɗaya kuma ɗayan yana gani, ba ya iya sa shi ko kaɗan, don abu biyu zai riƙa gani. Wanda ya saba da shi kuwa, ranar da jika ya taka shi ko ya faɗa rijiya, ranar ya koma makaho. Na ga wanda aka ɗaure da zaren buhu, na ga wanda ido ɗaya ya fashe aka liƙe da ƙaro. Binciken nan na ƙasa ya samu cewa kusan makaho 8 cikin 100 ba wani abu ne ya makantar da su ba illa rashin madubi a ido da rashin tabarau a fuska.

Wanda ya kawo mafita ya taɓa zama a Afirka ta Yamma. Harold Ridley likitan sojan Ingila ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, har ya je Funsi a arewacinta ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. A yaƙin ne kuma ya lura cewa matuƙan jiragen sama da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya kumbura a kansa. Ranar 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas na Landan, ya fara sa madubin roba a cikin idon mutum. Lissafin ƙarfin na farkon ya kauce ƙwarai. Waɗanda suka biyo baya suna da nauyi, wasu suka zame suka faɗa bayan ido, wasu suka jawo kumburi da hawan jinin ido, dole aka ciro su. Manyan likitoci suka juya masa baya shekaru. Ba na cikin masu cewa hassada ce kawai, domin su ne ke karɓar idanun da suka lalace. Kusan shekara 30 aka yi ana rage nauyi, ana canza ƙafafun madubin da wurin zamansa, kafin a daidaita a kan mayar da shi cikin jakar da Allah ya halitta wa na asali. Ridley ya rayu har ya ga an ba shi sarautar girmamawa a 2000, ya rasu a 2001. Mu kuwa madubin robar bai iso mana sosai ba sai da farashinsa ya karye: masana'antar Aurolab ta asibitin Aravind a Madurai ta Indiya ta fara ƙera shi a 1992 a ƙasa da dala 10, gidauniyar Fred Hollows kuma ta buɗe nata a Asmara da Katmandu a 1994.

Yau tsagar ƙarama ce, sau da yawa babu ɗinki, mutum ya kwana ɗaya ko ma ya koma gida ranar. Wannan alheri ne, amma ya ɗauke jinya daga hannun nas ya mai da ita hannun surukar gida da jikan da ya iya karatu. Maƙiyin da ya kashe idon majiyyacin Daviel kuma bai mutu ba. Yakan zo tsakanin kwana 2 da mako guda: zugi mai hana barci, gani ya ragu bayan ya fara kyau, fatar ido ta kumbura, farin layin mugunya ya kwanta a ƙasan baƙin ido. Ƙwayoyin cutar galibi daga fatar idon mutumin kansa suke, shi ya sa ake wanke ido da ruwan aidin kafin a taɓa shi. Shekaru aka yi ana ɗura wa irin waɗannan majiyyata magani ta jijiya ba ya isa inda cutar take. A shekarun 1970 ne yi wa ƙwayar ido allurar maganin kai tsaye ya kankama, kuma a 1970 ɗin ne Robert Machemer a Mayami ya ƙera na'urar da ke yanka ruwan nan mai yauƙi tana zuƙe shi. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 1995, a kan majiyyata 420, ya raba gardama: allurar cikin ido ita ce ginshiƙi, maganin jijiya bai ƙara komai ba, wanda kuma ganinsa ya faɗi har ba ya bambance komai sai haske da duhu, shi ne zuƙe ruwan ke yi wa amfani ƙwarai. Sai binciken Turai na 2007 a kan mutum fiye da 16,000, wanda ya nuna cewa zuba ɗan maganin sefuroksim a gaban ido a ƙarshen aiki yana rage wannan ruɓewa kusan ninki 5. Duk wannan ilmi yana aiki ne idan mutum ya dawo cikin awoyi. Wanda ya ce bari a ga gobe, aka ɗiga masa nonon mai jego ko ruwan wani ganye, aka jira ranar kasuwa don a samu mota, ya zo ne a yi masa ta'aziyyar ido.

Sauran matsalolin ba su kai wannan gaggawa ba, amma su suka fi cika mana benci. Tantanin gaban ido yakan yi hazo kwanakin farko, mutum ya ce an cuce shi, alhali yawanci yakan washe da kansa. Ƙarfin ido yakan hau. Jini yakan taru a gaban ido, kuma a ƙasarmu dole a tambayi sikila kafin a miƙa Diamox, don yana iya ƙara dagula mai ita. Akwai kuma wadda muke jawowa da hannunmu: maganin ɗigawa na kumburi, irin su deksametazon, na makonni ne ana rage shi a hankali har a daina. Amma yana sanyaya ido, sai mutum ya riƙe kwalbar, ta ƙare ya kai kemis a ba shi irinta, wata shida, shekara. A wasu mutane yana hawar da ƙarfin ido shiru babu zafi, sai jijiya ta mutu. Na ga idanun da likita ya yi wa aiki mai kyau ƙwarai, kwalbar naira kaɗan ta kashe su.

Sai mai dawowa bayan shekara biyu ko uku yana cewa yana ta dawo. Yana ba ta dawowa. Bayan jakar da aka bari don ta riƙe madubin roba ne ke yin hazo, kuma a da fiye da mutum 1 cikin 4 kan gamu da haka cikin shekara 5. Dā sai an sake shiga ido da allura a tsaga ta. Wajen 1980 Danièle Aron-Rosa a Faris da Franz Fankhauser a Suwizalan suka nuna cewa hasken leza zai huda ta daga waje, mutum yana zaune a kujera, cikin 'yan mintoci. Inda babu na'urar, ko babu wanda ya gaya wa mutum cewa abin yana da gyara, sai ya koma gida ya shaida wa tsararrakinsa cewa aikin asibiti ba ya ɗorewa. Wannan magana kuwa kasuwa ce ga mai allura.

Tambayoyin da ake yi mana a ɗakin sallama ba sa cikin littattafan da aka rubuta a Landan. "'Yata, yaushe zan kai goshina ƙasa?" Wannan ita ce ta farko a bakin kowane tsoho. Sai alwala, ko ruwa zai taɓa idon. Tsohuwa za ta tambayi ranar komawa murhu, kuma hayaƙin kara da ƙurar hunturu ba sa raga wa sabon rauni. Da azumi kuwa mutane da yawa sukan ajiye maganin ɗigawa daga asuba zuwa magariba saboda suna jin ɗacinsa a maƙogwaro, ba su kuma faɗa sai ido ya yi ja. Nakan nuna musu yadda za su danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na ɗan lokaci bayan ɗigawa, don nan ce hanyar da yake bi ya sauka, in kuma ce su je su tambayi malaminsu hukuncin mara lafiya. Nas ɗin da ba ta da lokacin wannan hira, ta bar rabin aikin likita a ƙasa.

Wannan ne ya sa nake da magana a kan aikin ido na kyauta da ake kawowa garuruwanmu. Ina son sa, na yi aiki a cikinsa, na ga mutanen da ba za su taɓa iya biya ba sun koma gona. Wasu masu shirya shi suna yin abin da ya kamata, suna dawowa, suna barin ma'aikaci a gari. Amma na kuma ga irin wanda ake yi don hoto: a yi wa ɗaruruwa aiki cikin 'yan kwanaki a ajin makaranta, a kwance bandeji washegari a gaban kyamara, a raba kwalba ɗaya-ɗaya, motoci su tashi. A wani irin wannan, mako bai cika ba aka fara kawo mana su daga gari guda, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farin layin nan a ƙasan ido. Babu takardar da ta nuna abin da aka sa musu, babu lambar wanda za a kira. Wanda ya yi wannan yana da digiri da madubin tiyata, amma tsarinsa na John Taylor ne.

Tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: aƙalla ido 80 cikin 100 da aka yi wa aikin yana su samu gani mai kyau, waɗanda suka lalace kada su kai 5. Ba a sanin an cika wannan ma'auni ranar kwance bandeji, sai an sake auna mutum bayan makonni an rubuta. Rahotannin da ake karantawa a rediyo kuwa adadin waɗanda aka yi wa aiki kawai suke faɗa. Ina so in ji ranar da kwamishinan lafiya zai ce an yi wa mutum kaza, kaza sun dawo dubawa, kaza suna gani, kaza sun samu matsala kuma ga inda aka kai su. Na'urar zuƙe ruwan ido tana da tsada, masu iya aiki da ita kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Amma allurar cikin ido ba haka take ba. Magungunanta, bankomaisin da seftazidim, ba su fi ƙarfin kasafin kowace ƙaramar hukuma ba, kuma duk likitan da ya iya cire yana ya iya yin ta. Ma'aikatar lafiya ta kowace jiha tana da ikon hana izini ga duk mai son kawo aikin ido na kyauta, har sai ya rubuta ranakun da zai dawo dubawa, da sunan asibitin da zai karɓi wanda idonsa ya kumbura, da lambar wayar da za a buga a katin kowane majiyyaci.